Fitilar Ɗan Fari

A Badaguishiri in ka ce Barira, za a tambaye ka wacce. In ka ce Barira mai ganye, ko yaron da bai shiga lakwal ba zai nuna maka ƙofar gidanmu. Mahaifiyata ce. Ni ce autarta, Nasiba, ina koyarwa a lakwal ɗin unguwarmu, kuma tun ina ƙarama aka san ni da cewa abin da ke raina shi ke bakina. Na faɗi haka tun da wuri don kada a yi mamaki in an ji na yi wa wata babba rashin kunya a tsakiyar labarin nan.

Inna ba boka ba ce, kuma ta tsani a kira ta da haka. Ba ta duba, ba ta tofi. Ciwo ɗaya tak take yi wa magani, wanda take kira nauyin zuciya, a rediyo kuma ake ce masa ciwon damuwa: mutum ya daina barci, abinci ya fita ransa, hira ta gundure shi, ya zauna shiru ba tare da an yi masa komai ba. Ta gaji aikin daga kakarta Bushira, wadda ta riƙe ta bayan rasuwar uwarta. Ganyen nata uku ne, ɗoɗɗoya da tsauri da geza, sai ɗan na'a-na'a don ƙamshi in mutumin ya kwanta mata a rai. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a tana shuka su a gefen lambun Baba, geza kuwa sai ta hau tudu bayan damina ta tsinko da hannunta. Ba ta shanya su a rana. Akwai wata rumfa a kusurwar gidanmu, an kewaye ta da zana ninki biyu, an danne samanta da kara, ko da tsakar rana sai ka yi lalube a cikinta. Nan take baza ganyen a kan tabarmi har su bushe da koren launinsu. Ba ta kuma tafasa su. Ruwa ke tafasa, a sauke, a zuba ganye, a rufe tukunya, a je a yi alwala da sallar magariba, a dawo a tace.

Amma ba jiƙon ne ya bambanta ta da masu ganyen kasuwa ba. Wata ƙa'ida ce da Kaka Bushira ta kafa mata: ba ta ba mutum ganye sai ta je ta ga inda yake kwana. An sha yi mata dariya a kan wannan, wasu har fushi sun yi, suna ganin neman ganin asirin ɗakinsu take. Ta taɓa zuwa gidan wata mai jego da ta kusa zarewa, ta tarar gadonta na jingine da bangon da injin niƙa ke bayansa, mai injin kuma tun kafin kiran sallar fari yake tayar da shi. Sai da aka mai da gadon ɗaya ɗakin sannan ta kwance ƙullin ganye. Wani jandarma da aka turo garinmu daga nesa, ƙaton mutum, ya zo yana ta kewaye-kewaye ya kasa faɗin abin da ke damunsa. Ta bi shi har ɗakin da yake haya, ta ga katifarsa, ta ga salula a kan matashi, ta ce ganye kam za ta ba shi, amma wayar nan ta riƙa kwana cikin takalminsa a bakin ƙofa. Ya bi umarninta fiye da yadda yake bin na kwamandansa. In kuwa ta ga abin ya fi ƙarfinta, mutum ya fara zancen mutuwa ko ya daina gane nasa, da ƙafarta take raka shi likita wajen majo, babban ma'aikacin jinyar asibitin garinmu.

Babanmu, Jibo, manomin lambu ne, albasa da tumatir. Mutum ne mai surutu, wanda in bai sami abokin hira ba sai ya yi da jakinsa. Mu bakwai suka haifa, biyar muke raye, na farinmu kuwa shi ne Yaya Tijjani.

Wanda bai san al'adarmu ba zai rantse iyayena ba sa ƙaunar Yaya. Ba su taɓa kiran sunansa ba, ko sau ɗaya. Inna ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ba ta taɓa miƙa masa ƙwarya hannu da hannu ba. Ana yaye shi aka kai shi Tungar Abarshi, ƙauyen su Baba can wajen Illela, inda Gwaggo Kaltume, yayar Baba, ta riƙe shi har ya girma. Kunyar ɗan fari ke nan. Gidaje da yawa sun sassauta ta yanzu, amma namu an riƙe ta da hannu biyu. In ya zo gaisuwa, yakan durƙusa daga nesa, Inna ta amsa tana kallon tukunya. Baba yana ce masa "mai mota", don direban babbar motar ɗaukar siminti ne, yana zaune a Malbaza da iyalinsa. Inna ko wannan ba ta faɗa. "Wancan" kawai take cewa, mu kuma mun san wanda ake nufi. Ni dai al'adar nan ba ta taɓa burge ni ba, kuma na sha faɗa a gabansu. Inna takan ce ba laifina ba ne, laifinta ne da ta goya ni har na shekara huɗu.

Shekara biyu da suka wuce, cikin ɗari, ana tsakiyar dashen albasa, Yaya ya zo daga Konni da wani kwali a bayan babur ɗin kabu-kabu. Fitilar sola ce, babba, irin wadda ake gani a gidajen mai, faifan shan ranarta a kanta. Ya haƙa rami a tsakiyar gida, ya kafa dogon ƙarfe, ya zuba siminti, washegari ya hau tsani ya ɗaura ta. Rana na faɗuwa take kunna kanta, ba ta mutuwa sai gari ya waye. Tana da wani ɗan abin latsawa mai girman sabulun wanka, telekomand, wanda ya saita ta da shi, ya jefa a aljihu, ya tafi da shi Malbaza bai sani ba. Babu wanda ya tambaya. A lokacin ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa wata rana za a so kashe ta.

Hasken fari ne fat, in allura ta faɗi za ka tsince ta. Kafin mako ya zagayo gidanmu ya koma dandali. Matan unguwa suna zuwa kitso da ɓarar gyaɗa, 'yan lakwal suna zuwa da littattafansu, har mai ɗinkin hula na maƙwabta ya kawo kujerarsa. Baba bai yi godiya ba, al'ada ba ta ba shi wannan damar ba. Ya ɗaga kai ya dubi fitilar, ya ce "to", ya wuce masallaci. Amma tun daga ranar, kullum da safe, sai ya ɗaura tsohon rawaninsa a kan gora ya goge faifan, ko da babu abin gogewa.

Wata uku aka yi lafiya ƙalau, kuma wannan ne ya ɓatar da mu daga baya. Cikin ɗari kowa ɗaki yake kwana, ƙofa a rufe. Da bazara ta shigo, ɗakuna suka koma tanda, kowa ya jawo shimfiɗarsa waje kamar kowace shekara. Inna ta koma rumfar ganyenta, inda ta saba, ta yayyafa wa yashi ruwa ta shimfiɗa tabarma. Baba kuwa, wanda ya shekara talatin yana ajiye gadonsa a gindin rumbu, a wannan shekarar sai ya ja shi har gindin ƙarfen fitila. Ya ce wai ɓarayi suna satar faifan sola. Tun da aka gina gidanmu ko kaza ba a taɓa ɗauka ba. Duk mun gane dalilin, ba wanda ya ce uffan, har ni, kuma na ji daɗin abin a raina.

A mako na uku muka fara ganin canji. Mutumin da ke hira da jaki ya koma sai an yi masa magana sau biyu kafin ya amsa. Idanunsa suka yi ja. Yana gyangyaɗi a sahun azahar, in dare ya yi kuma ido biyu. In ya je lambu sai ya zauna gindin mangwaro ya zuba wa albasa ido, ga ta ta isa cira, rana na dukanta, sai da mazajen yayyena suka haɗu suka cire masa. Wata rana da la'asar na biyo daga lakwal na tarar da shi zaune a zaure, hawaye na bin gemunsa, babu sauti. Na tambaye shi wa ya rasu. Ya ce ba kowa.

"Ban san mi ad da ni ba, Auta," in ji shi.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba. Muka kai shi likita, majo ya auna jininsa, ya duba zazzaɓin sauro, ya duba suga, bai ga komai ba, ya ce ya huta ya sami barci. Barcin ne kuwa babu.

Inna ta ɗora tukunyarta. Kullum bayan magariba ta miƙa masa kofi, ya shanye, ya ɗan lumshe ido, kafin a watse hira ya farka, shi ke nan kuma har asuba. Ta ƙara yawan ganye. Ta zubar da tsohon ta jiƙa sabo. Ta daina sa na'a-na'a, ta dawo ta sa. Matar da ta shiga makwancin rabin mutanen Badaguishiri, ba ta je ta duba na mijinta ba. Me za ta duba? Sau ashirin take wuce gadon nan a yini, ita ke kakkaɓe shi, ita ke shanya bargonsa. Sai dai duk da rana take ganinsa. Da dare tana cikin rumfarta mai duhu, tana jin juyinsa daga nesa tana addu'a.

Labari ya kai Tunga, Gwaggo Kaltume ta iso. Gwaggo mace ce mai ƙashi, ta haura saba'in amma tafiyarta ta fi tawa sauri, kuma tun ran da aka kawo Inna gidan ba ta taɓa yarda da zancen ganyen nan ba. Ta dubi ƙanenta, ta yi salati. Ta zauna har magariba ba ta taɓa ruwan da aka kawo mata ba. Da Inna ta fito da kofi, sai ta tare hannunta.

"Mi kika ba shi?"

"Abin da nika ba kowa na, Yaya Kaltume."

"Kwana nawa shina sha?"

"Ya yi wata guda."

"Wata guda shina sha, wata guda shina lalacewa, ke ko kina ƙara mai."

Ba ta furta kalmar ba, amma tsakar gida cike take da matan unguwa, kuma duk sun ji abin da ba ta furta ba. Nan ne na yi rashin kunyar da na ambata. Na ce mata in da Inna na son kashe shi, da ba ta jira ya shekara sittin da biyar haƙoransa sun zube ba. Inna ta daka mini tsawa, Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce ai ga tarbiyyar gidan nan ta gani. Har gobe ban yi nadamar maganar ba, na dai yi nadamar wurin da na faɗe ta. Washegari ta samo mota ta tafi da shi Tunga. Baba bai yi gardama ba, ya shiga kamar buhun da aka ɗora.

Kwana goma bayan haka saƙo ya zo: Baba yana barci har sai an tashe shi sallah, yana cin tuwo yana neman ƙari, jiya ma an ji shi yana yi wa awakin Gwaggo faɗa. Na yi hamdala, amma na san yadda gari zai karanta wannan labari. Haka kuwa aka yi. Yana gidan matarsa yana shan jiƙonta yana mutuwa, an raba shi da ita ya tashi. Ran kasuwa Inna ta shimfiɗa tabarmarta ta wuni ba wanda ya tsaya. Wata mata da Inna ta yi wa jinya wata huɗu tana takaba ta jefo ƙullin ganye ta kan katanga. Matan kitso dai ba su daina zuwa shan haske ba, sai dai in an ba su ruwa su ce sun ƙoshi. Gwaggo ta aiko cewa ba zai dawo ba sai abin da Tijjani ya yanke, kuma ta riga ta gaya masa komai a waya. Har aka fara raɗe-raɗin za a sa Baba ya rubuta takardar saki, bayan aure na shekara arba'in.

Duk wannan Inna ta shanye. Abin da ya karya ta daban ne. Kowace Jumma'a Yaya yakan kira wayata bayan an sauko masallaci, ya ce a gaida mutanen gida, ni kuma in faɗa da ƙarfi, Inna ta ce "ana amsawa" tana kallon wani wuri. Jumma'a ta zo bai kira ba. Ta biyu ma haka. Na kira shi, ya ce yana kan hanya zai neme ni, bai nema ba. Inna ba ta tambaye ni ba, amma ranar na ga ta zauna kusa da inda nake cajin waya tun azahar har la'asar, tana tsince ganyen da ta riga ta tsince. Ɗanta na fari ya yarda cewa ta cuci ubansa, kuma ba ta da bakin da za ta ce masa ba haka ba ne. Na kwaso kayana daga gidan mijina na dawo kwana wajenta.

Kaji ne suka buɗe mata ido. Wata safiya tana watsa musu dussa sai ta tsaya da ƙwarya a hannu. Kajin da ke kwana a kan tarin itacen da ke kusa da ƙarfen fitila duk wuyansu ya zama tsirara, suna ta saran juna, kuma ta tuna rabon da ta tsinci ƙwai a wajensu tun shigowar zafi. Zakaran ma ya rikice, cara yake a duk lokacin da ya ga dama. Amma wasu tsofaffin kaji biyu da ke kwana bayan rumbu, inda haske ba ya kaiwa, gashinsu lumui, suna kiwonsu hankali kwance. Ta daɗe tana kallonsu. Ranar bayan isha'i ta sallami matan unguwa da wuri, ta je ta kwanta a kan gadon Baba, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

"Nasiba, rufe idonki ki ɗaga kai sama."

Na yi. Ja wur nake gani ta cikin fatar idona, kamar na fuskanci rana da hantsi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ba a jima ba zafi ya sa ta yaye. Ta juya dama, farin bangon ɗaki ya maido mata da hasken. Ta yi kamar rabin awa a haka, sannan ta tashi zaune, ta sauke ƙafafunta ƙasa.

"Shekara talatin ina shiga ɗakunan mutane," ta ce.

Ni da zafin kaina na ce a kawo taɓarya in sauko da fitilar yanzu, ko a jefa mata buhu. Ta hana. Ta ce in Baba ya dawo ya tarar an taɓa fitilar nan, ba zai yafe ba, kuma in an rufe ta da buhu da hannunsa zai cire. Mutum ɗaya ne zai iya taɓa ta, wanda ya kafa ta. Ta kuma ce ba za ta ɗora wa kyautar mutum laifi a kan zato ba. Ta kama uku daga cikin kajin masu tsiraran wuya, ta riƙa kifa su da kwando cikin rumfarta kowace magariba. A kwana na shida suka daina faɗa, a na takwas ɗaya ta yi ƙwai. Ta ɗauki ƙwan ta juya shi a hannu, ta ajiye.

Na ce to bari in kira Yaya in gaya masa. Ta ce ba a gaya wa mutum irin wannan magana a waya. Na ce in je da kaina. Ta ce zai ɗauka ɗiya ce ke kare uwarta, kuma ta san bakina, zan je in ce masa fitilarsa ta kusa kashe Baba, in bar shi da wannan har ƙarshen ransa. Gaskiyarta, haka zan faɗa. Muka bar shi a kan ran Asabar za mu je tare, tunda muna cikin jarrabawa a lakwal. Ran Laraba na dawo da azahar na tarar da gida a rufe. Maƙwabciya ta ce tun da hantsi ta ga ta nufi tasha.

Abin da ya faru a Malbaza daga bakin Yaya na ji shi, sauran kuma daga wani mai shayi, Almustafa, da ke da tebur a inda manyan motoci ke jiran lodi. Inna har yau ba ta ba ni labarin ba. Ba ta taɓa zuwa garin ba, ba ta san gidan ɗanta ba. Ta sauka Tsarnawa ta sake mota, da ta isa ta tambayi inda motocin siminti ke tsayawa, aka nuna mata. Motoci ne jere sun fi arba'in, duk sun yi fari da garin siminti, direbobi na kwance a inuwar ƙarƙashinsu. Ta tsaya gaban teburin mai shayi, ya tambaye ta wa take biɗa. Ta ce mai mota. Mutanen da ke kan benci suka yi dariya, suka ce duk wanda ta gani nan mai mota ne. Ta ce ɗan Badaguishiri. Suka lissafa mata mutum uku, ba shi a ciki, don a can ɗan Tunga aka san shi. Ta ce dogo ne, baƙi, yana da tabo a goshi. Suka ce ta faɗi sunansa kawai, motoci na gab da tashi, wanda ya tafi Agadas kuwa sai bayan mako. Ta gyara mayafi, ta dubi ƙasa, sannan ta ɗaga kai ta faɗa, ba a hankali ba, da ƙarfi, ta fuskanci layin motocin.

"Tijjani."

Yana kwance ƙarƙashin mota ta uku daga wurin. Ya ce muryar ya sani, sunan ma nasa ne, amma bai taɓa jin su tare ba, shekara talatin da takwas. Abu ɗaya ne ya zo masa: babu abin da zai sa ta yi haka sai mutuwa. Ya fito da rarrafe, kansa ya bugi ƙarfe bai ji ba, ya zube gabanta.

"Baba ya rasu?"

"Bai rasu ba. Tashi mu koma gefe."

Suka koma bayan motarsa. Ta ba shi labarin gadon, da kajin, da ƙwan. Ya ce tana magana tana kallon fuskarsa, shi ne ya kasa kallon tata.

"Hitilarka ba ta da laihi, kai ma ba ka da laihi," ta ce masa. "Ubanka ya rasa yadda za shi ce ma ya gode, shi ya sa yak kai gadonai ƙarƙashinta. Ni ko da ya kamata in gani, ban gani ba."

Yaya ya zauna dirshan a ƙasa. Ya ce kunya ce ta rufe shi, ta makonnin da ya yi bai kira ba, don ya yarda da maganar Gwaggo, ko da rabi ne. Ya so ya nemi gafara, ta ce ba wannan ya kawo ta ba. Ya hau mota ya buɗe akwatin gaba, ga telekomand nan cikin takardu, ko ledarsa ba a cire ba.

Ya ba wani abokinsa lodin, ya maido ta gida, washegari ya wuce Tunga. Yadda suka ƙare da Gwaggo ban sani ba, na dai san ta ce za ta ba da mako ɗaya, kuma ƙafarta ƙafar ƙanenta. Yaya bai sauke fitilar ba, bai kuma matsar da gadon ba. Ya latsa wani maɓalli, ta koma tana ci awa uku bayan faɗuwar rana sannan ta mutu da kanta. Masu kitso da 'yan lakwal suka ci gaba da samun rabonsu. Ya ajiye telekomand ɗin a gefen tabarmar Baba, Baba ya ɗauka ya sa a aljihun gaba tare da carbinsa.

Da Inna ta kawo kofi, Gwaggo ta ce a zuba mata irinsa daga tukunya ɗaya, in mutuwa ce su tafi tare. Ta shanye tana yamutsa fuska. Da safe sai da na tashe ta sau uku, rana ta riga ta fito, ta tashi tana faɗan wai me ya sa ba a tashe ta sallah ba. Baba ya yi barci a daren, amma ba zan ce ya warke a dare ɗaya ba. Sai da aka kusa shuka kafin dariyarsa ta dawo daidai. Da na ba majo labari ya ce ba abin mamaki ba ne, jiki na bukatar duhu kafin ya san dare ya yi. Inna ta ce ita ma abin da ta gani ke nan: ganyenta yana sauke nauyin zuciya in an ba shi wuri, amma ba zai yi kokawa da fitila ba. Yanzu in ta je duba makwancin mutum, takan tambaya da wane haske yake kwana, wani lokaci ma ta ce sai ta dawo bayan magariba ta gani da idonta.

Gwaggo ba ta ba da haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Ta cika makonta ta tafi ita kaɗai. Masu sayen ganye suka dawo da ɗaiɗai, wasu har yau suna sauya hanya in sun hango tabarmar Inna, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya. Inna ta koma "wancan" kamar ba a yi komai ba. Na tsokane ta na ce tunda bakin ya buɗe ta ƙara faɗa mana mu ji, ta jefe ni da mafici.

Bayan sallar layya Yaya ya zo gaisuwa. Ya durƙusa daga nesa kamar kullum, ta amsa tana kallon tukunya kamar kullum. Da ya tashi tafiya sai ya tsaya a bakin zaure, ya juyo wajena, ya ce da ƙarfi yadda za a ji, wai shi ma kwanan nan barci na yi masa wuya, fitilun motoci sun cika masa ido, ko za a taimaka masa da ɗan ganye. Kowa ya san ƙa'idar Inna, kowa kuma ya san uwa ba ta taka ɗakin ɗanta na fari. Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Inna ta daɗe tana juya miyar da ba ta bukatar juyi, sannan ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"A gaya ma wancan, ran Assabat ina tahe in ga inda shika kwana."

Ni na san Yaya. In ya sa kai a matashi, ko ganga aka buga a kunnensa ba ya motsi, matarsa Aminatu ta sha kawo mini ƙararsa a kan haka. Na buɗe baki, na dubi Inna, na dube shi yana ta gyara hular da ke zaune daidai, sai na rufe. Ran Asabar na raka ta tasha, ta hau motar Tsarnawa da ƙullin ganye a hannu, kuma na lura ta sa na'a-na'a da yawa.